Haƙƙin mallaka: wa ke da waƙar da muke rerawa?

A kusan kowane ƙauye akwai mutum ɗaya ko biyu da aka sani da tsara waƙa. Wani wuri wata uwa ce a zumuntar mata, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, amma idan ta tsara waƙa, kafin wata ya zagayo an ɗauke ta har ƙauyukan kewaye. Wani wuri kuma saurayi ne a ƙungiyar mawaƙa, ko malamin firamare mai rubuta wasan kwaikwayo don yara, ko mai ɗaukar hoto a wurin biki. Kukan da muke yawan ji daga irin waɗannan mutane kusan iri ɗaya ne: sun shiga kasuwa a gari, sun ji waƙarsu tana tashi daga shagon masu tura waƙoƙi a waya, da muryar wani, da sunan wani. Ba a tambaye su ba, ba a ambace su ba, ko sisi kuma bai zo hannunsu ba. Sai su ce, akwai abin da za mu iya yi?

Akwai. Amma yawancinsa kafin waƙar ta bar ƙauye ake yin sa, shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani tun daga tushe.

Abin da doka ke karewa

Haƙƙin mallaka shi ne ikon da doka ta ba wanda ya ƙirƙiri wani aiki, ya zama shi ne mai cewa e ko a'a game da aikin. Shi ke ba da izini a kwafe shi, a buga shi, a sayar, a sa a rediyo ko a intanet, a yi shi a gaban jama'a, a fassara shi zuwa wani harshe, ko a juya shi zuwa wani abu dabam, kamar a mai da labari ya zama fim. Ayyukan da ake nufi su ne rubuce-rubuce, waƙoƙi da kiɗa, zane da sassaƙa da hotuna, fina-finai, muryar da aka naɗa, da shirye-shiryen rediyo da talabijin. Wa'azi ko lacca da aka rubuta su ma suna cikin rubuce-rubuce. Tambarin kayan sayarwa da sabuwar na'ura da wani ya ƙera ba sa cikin wannan, suna da nasu dokokin.

A Najeriya, dokar da ke aiki ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ta maye gurbin ta 1988. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wadda ake kira NCC, ita ke lura da dokar, babban ofishinta kuma yana Abuja. Ƙasarmu ta shiga Yarjejeniyar Berne a 1993. An fara ƙulla wannan yarjejeniya a ƙasar Suwizalan a 1886, yau kuma ƙasashe fiye da 180 ke cikinta. Amfaninta shi ne, aikin ɗan Najeriya yana da kariya a sauran ƙasashen kamar yadda aikin 'yan ƙasar yake da ita.

Mutane da yawa suna zaton sai an yi rajista, ko sai mai ilimin boko, ko sai wanda ya shahara. Ba haka ba ne. Doka ta gindaya sharuɗɗa biyu kawai. Na fari, aikin ya zama naka ne, ka sa ƙoƙarinka a ciki, ba kwafe shi ka yi ba. Ba sai ya yi kyau ba, doka ba ta auna daɗin waƙa. Na biyu, aikin ya zama an adana shi a kan wani abu da za a iya gani ko ji daga baya: takarda, kaset, faifai, ko waya. Da zarar waɗannan biyu sun cika, haƙƙin ya tsaya da ƙafarsa, ba kuɗi, ba hatimi.

Sharaɗi na biyun nan shi ne inda mu mutanen ƙauye muke faɗuwa. Waƙoƙinmu a ka suke, daga baki zuwa baki suke tafiya. Muddin waƙa tana cikin kai kawai, doka ba ta da abin kamawa. Wanda ya zo daga gari da na'ura ya naɗa, shi ke riƙe da shaida ta farko, mai waƙar kuwa ba ta da komai sai maƙwabtan da suka ji ta. Maganin ba shi da tsada. Ranar da aka gama waƙa, a sa wani yaro mai makaranta ya rubuta kalmomin a littafi, da sunan mai waƙar da kwanan wata, mutum biyu su sa hannu a matsayin shaidu. A kuma rera ta a naɗa a waya, mai waƙar ta fara da faɗin sunanta da ranar. Kada a bar shi a waya ɗaya, domin waya takan ɓace ko ta faɗa ruwa. Ƙungiyar da ke da littafin kuɗi da littafin sunaye ba za ta kasa ajiye littafin waƙoƙi ba.

A lura kuma, doka ba ta kare tunani ko jigo, sai dai yadda aka fito da shi. Idan ka tsara waƙa a kan girbi, ba ka da ikon hana wani ya tsara tasa a kan girbi. Abin da ba zai ɗauka ba shi ne kalmominka da karin muryarka.

Labarin Solomon Linda

Wani zai ce, waƙar ƙauye nawa za ta kawo har a damu? Bari mu kai ku Afirka ta Kudu. A 1939, wani Bazule mai suna Solomon Linda, wanda ya baro ƙauye ya zo neman abinci a birnin Johannesburg, ya shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin faifai na Gallo tare da abokan waƙarsa. Suka naɗi wata waƙa mai suna Mbube, wato zaki a harshen Zulu. Waƙar ta karɓu ƙwarai a ƙasarsu. Linda ya sa hannu ya miƙa wa kamfanin haƙƙin waƙar a kan sule goma. Dattawanmu da suka yi zamani da sule sun san ko nawa ke nan.

Faifan ya haye teku ya isa Amurka. Mawaƙan can suka ɗauki karin, suka sake masa suna, suka ƙara kalmomin Turanci. A 1961 waƙar, da sunan The Lion Sleeps Tonight, ta zama ta ɗaya a kasuwar waƙoƙin Amurka. Shekara guda bayan haka, a 1962, Linda ya rasu cikin talauci, sai bayan shekaru da yawa iyalinsa suka iya kafa dutse a kabarinsa. Waƙar kuwa ta ci gaba da tara wa wasu dukiya, har ta shiga fim ɗin kamfanin Disney mai suna The Lion King a 1994, yayin da 'ya'yansa mata ke fama da rayuwa a unguwar Soweto.

A shekara ta 2000 wani ɗan jarida, Rian Malan, ya bi diddigin labarin ya buga, duniya ta ji. A 2004 aka shigar da ƙara a madadin magadan. Abin da lauyoyinsu suka riƙe shi ne wani sashe na tsohuwar dokar Ingila ta 1911, wadda ke aiki a Afirka ta Kudu lokacin da Linda ya sa hannu. Sashen ya ce, ko mutum ya sayar da haƙƙinsa, zai koma hannun magadansa shekara 25 bayan mutuwarsa. A 2006 aka sasanta: aka biya magadan, aka ba su rabo a kuɗin da zai shigo nan gaba, aka kuma amince da Linda a cikin waɗanda suka tsara waƙar. Shekara 44 ke nan bayan an binne shi.

Wannan doka ta 1911 ta taɓa aiki a Najeriya ma a zamanin Turawa, amma ta daina tun 1970, saboda haka kada wani ya sa rai da irin wannan mafita. Abin da muke so a gani shi ne, ba da dare aka shiga aka sace waƙar Linda ba. Da rana tsaka ya sa hannu a takarda, bai san girman abin da ke hannunsa ba.

Aro, haya da sayarwa

Duk manomi ya san bambancin ba da aron gona, ba da hayarta, da sayar da ita. Haka haƙƙin mallaka yake. Kana iya ba mutum izini ya yi amfani da waƙarka, kyauta ko da kuɗi, waƙar kuma tana nan taka, kana iya ba wani ma. Irin wannan izini yana yiwuwa a rubuce, ko da baki, ko ma a gane shi daga halinka. Idan ka tsaya a babban taro ka koya wa ƙungiyoyi goma waƙarka, kowa ya san ka yarda su je su rera. Amma ba ka ce su naɗa su sayar ba, wannan wani izini ne dabam.

Kana iya kuma ba mutum ɗaya tak izini, ka hana kowa, har da kai kanka. Ko ka sayar gaba ɗaya. Waɗannan biyun doka ta ce ba su da ƙarfi sai an yi su a rubuce. Wannan kariya ce babba ga talaka. Furodusa ba zai ce ai ka sayar mini da baki ranar da na ba ka kuɗin mota ba. Amma ta juya kuma, idan ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, ka ɗaure kanka.

Don haka kada a sa hannu ranar da aka kawo takarda. A karɓa, a kai gida, a sami wanda aka amince da shi ya karanta ya fassara layi bayan layi. A tambaya: aro ne, haya ce, ko sayarwa? Na shekara nawa? Faifai kaɗai, ko har da rediyo da intanet da fim? Kuɗin sau ɗaya ne, ko akwai rabo a kan abin da aka sayar, wa kuma zai nuna lissafin? Sunan wa za a rubuta? A riƙe kwafi ɗaya mai sa hannun kowa. Wanda ya ce sauri yake yi, ba zai iya jira kwana uku ba, a ganinmu ya riga ya ba da amsa. Ba muna cewa duk mai situdiyo macuci ne ba. Da yawa suna zuba kuɗinsu su yi asara, su ma suna da hakkin cin guminsu. Takarda mai kyau tana kare kowa.

Akwai abu ɗaya da ba ya sayuwa muddin kana da rai. Ko ka sayar da waƙar, kana da ikon a ambaci sunanka a matsayin wanda ya tsara ta, kana kuma da ikon ƙin yarda a lalata ta ko a juya ta yadda za ta zubar maka da mutunci. Uwar da ta tsara waƙar ta'aziyya tana da bakin magana idan aka mai da ita tallar giya.

Faifai ɗaya, masu haƙƙi da yawa

Nan ne rigima ta fi tashi a cikin ƙungiyoyi. A faifai ɗaya akwai haƙƙin wanda ya tsara kalmomi da kari. Akwai haƙƙin naɗin muryar, wanda doka ta ba wanda ya yi shirye-shiryen ɗaukar. Akwai kuma haƙƙin waɗanda suka rera da waɗanda suka kaɗa, domin ba a naɗar wasan mutum a sayar ba da yardarsa ba. Idan ƙungiya ta tara kuɗi ta je situdiyo, a rubuta tun farko cewa naɗin na ƙungiya ne, a kuma karɓi asalin naɗin a riƙe, kada a bar shi a kwamfutar mai situdiyo kaɗai.

Kasancewar mutum ɗan ƙungiya bai mai da waƙarsa ta ƙungiya ba. Doka ta ce haƙƙi yana farawa ne a hannun wanda ya ƙirƙira, sai in an yi yarjejeniya dabam. Da yawa daga cikin masu tsara mana waƙa baiko suke yi, ba sa neman ko kwabo, wannan kuwa abin yabo ne. Amma kyauta sai mai abu ya bayar da kansa. A tambaye shi, a rubuta abin da ya yarda, tun ana dariya da juna, kada a bari sai kuɗi ya shigo ko ya koma wani gari. Idan mutum biyu suka haɗa kai suka tsara, haƙƙin nasu ne tare.

Masu hoto ma su ji nasu. Hoton da ka ɗauka naka ne, amma idan iyali suka kira ka ka ɗauki hoton bikinsu, dokar 2022 ta ba su ikon amfani da shi don kansu, ta kuma ba su ikon hana ka baza shi ga jama'a.

Shekara nawa, kuma wa zai gada?

Rubutu da waƙa da zane suna da kariya duk tsawon ran mai su, da ƙarin shekara 70 daga ƙarshen shekarar da ya rasu. Wanda ya rasu a 2020, aikinsa yana da kariya har ƙarshen 2090. Hoto da fim da naɗin murya kuwa shekara 50 ne daga lokacin da aka fara fitar da su. Ashe haƙƙin mallaka dukiyar gado ce kamar gona ko shanu. Gwauruwa da marayun mawaƙi suna da rabo a ciki, yana da kyau kuma mai wasiyya ya ambace shi.

Bayan waɗannan shekaru aikin ya zama na kowa. Waƙoƙin Fanny Crosby ta Amurka, wadda ta rasu a 1915, kowa na iya bugawa. Sai dai fassara tana da nata haƙƙin. Tsohuwar waƙa da wani ya fassara zuwa Hausa ba da daɗewa ba, kalmomin Hausar suna da mai su.

Waƙoƙin kaka da kakanni fa, da tatsuniyoyi, da raye-rayen gargajiya, da salon saƙa da ginin tukwane, waɗanda ba wanda ya san mafarinsu? Doka ba ta bar su a banza ba. Mu da muka gada muna ci gaba da yin su yadda muka saba. Amma wanda zai kwashe su don kasuwanci, ko ya fitar da su daga muhallinsu na al'ada, sai ya nemi izini daga Hukumar. Idan baƙo ya zo da kyamara ranar bikin gargajiya, hakimi da dattawa suna da dalilin tambayarsa ina zai kai.

Mu ma muna amfani da aikin wasu

Gaskiya ɗaya ce, ko ta ɗaci. Yawancinmu mun taɓa ba mai shago kuɗi ya cika mana waya da waƙoƙi da fina-finai, ko mun sayi littafi ɗaya mun yi fotokwafi talatin. Mun san dalili: kuɗi ya yi wuya, kantin littattafai yana da nisa. Amma mawaƙin da muke saurara kyauta shi ma ya biya situdiyo. Idan littafin Hausa bai mayar da kuɗin bugunsa ba, ba za a sake buga shi ba, wani ma ba zai rubuta sabo ba, mu masu karatu da Hausa kuma mu ke asara.

Doka ba ta ƙuntata ba. Ta bar ƙofa ga mai amfani na kansa, da mai nazari ko bincike da ba na neman kuɗi ba, da mai sharhi, da mai ba da labari, muddin abin da aka ɗauka bai wuce kima ba, bai kashe wa mai aikin kasuwa ba, an kuma ambaci sunansa inda ya dace. Malamai ma an yi musu sassauci a wajen koyarwa. Haka nan an yarda a mai da littafi zuwa rubutun makafi ko zuwa murya domin waɗanda ba sa gani, bisa Yarjejeniyar Marakesh da Najeriya ta amince da ita a 2017. Ɗauko 'yan layuka don darasi dabam ne da kwafe littafi sukutum a raba. Idan ana bukata da yawa, a rubuta wa masu littafin. Sau da yawa sukan yarda ko su rage kuɗi.

Idan an ɗauki aikinmu

A fara da tara shaida: a sayi kwafi ɗaya na abin da ake sayarwa, a rubuta wuri da rana, a fito da littafin nan da naɗin farko. Sa'an nan a tafi wurin mutumin da dattijo ɗaya ko biyu. Wasu ba su san waƙar tana da mai ita ba, sun ji ta ne a taro suka ɗauka ta kowa ce. Irin wannan yakan ƙare da mayar da suna da biyan wani abu, a rubuta a sa hannu. Idan a intanet aka sa, doka ta ba mai aiki ikon rubuta wa kamfanin da ke riƙe da shafin ya sauke shi.

In mutumin ya ƙi, a kai kuka ga Hukumar, tana da ofisoshi a wasu jihohi, tana kuma da ikon bincike da kama kayan satar fasaha. Shari'ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, ba a kotun yanki ba. Kotu na iya hana ci gaba da sayarwa, ta sa a biya diyya, ko a miƙa ribar da aka ci. Mai buga kwafin sata don sayarwa kuma, a ƙarƙashin dokar 2022, yana fuskantar tarar da ba ta gaza naira 10,000 ba a kan kowane kwafi, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko duka biyu. Ba za mu ɓoye ba, shari'a tana cin kuɗi da lokaci, sai da lauya, shi ya sa muka sa ta a ƙarshe.

Wanda aikinsa ya fara shiga kasuwa, muna ba shi shawara ya yi rajistarsa da Hukumar. Ba dole ba ne, haƙƙinsa yana nan ko bai yi ba, amma takardar rajista shaida ce da kotu ke karɓa, sai mai musu ya kawo abin da ya fi ta. Ana yi ta intanet, ana biyan kuɗi, matashi mai waya zai iya taimakawa. Akwai kuma ƙungiyoyin da Hukumar ke ba lasisi su karɓo wa mawaƙa da marubuta kuɗi daga gidajen rediyo, otal-otal da makamantansu. Kafin a shiga kowace, a tambayi Hukumar ko lasisinta yana aiki. A jikin faifai ko littafi kuma a rubuta alamar ©, da shekara, da sunan mai aikin, da hanyar da mai neman izini zai same shi.